Kano Pillars: Masu Gida a Fagen Ƙwallon Kwando

Idan aka ambaci Kano Pillars a ƙasar Hausa, daga Kano har Maraɗi da ƙauyukan Dakoro irin su Mai Yara, tamaula ce ke fara zuwa zuciyar mai sauraro. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa ne ya fito da sunan tun 1990, lokacin da aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Amma akwai wata Pillars ɗin, ta ƙwallon kwando, wadda ita ma gwamnatin Jihar Kano ke ɗaukar nauyinta, kirarinsu kuma ɗaya ne: sai Masu Gida. Kofunan ƙasa da ta ci sun fi na takwararta yawa, ko da yake ba ta kai ta suna ba.

Wasan kansa baƙo ne. James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1891, wasan kuma ya shigo Arewa ta makarantu da barikokin soja. Zariya ta zama babbar cibiyarsa, inda koci Oliver Johnson, Ba'amurke, ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. A garin ne Masai Ujiri ya tashi, mutumin da yake shugabancin Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.

Gidan Pillars shi ne rufaffen ɗakin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Mutum biyar-biyar ke shiga fili, kwandon na rataye a tsayin mita 3.05, kuma duk ɓangaren da ya karɓi ƙwallo daƙiƙa 24 gare shi ya jefa, in ba haka ba a ƙwace. Shi ya sa ɗakin ba ya yin shiru: ga ƙarar takalma a kan katako, ga usur, ga 'yan kallo dab da layi suna kiran 'yan wasa da sunayensu. Baƙuwar ƙungiya kan ji a jikinta.

An raba babbar gasar Najeriya gida biyu, rukunin Savannah na Arewa da rukunin Atlantic na Kudu, sai zakarun kowane ɓangare su haɗu a zagayen ƙarshe. Pillars ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2008 da 2009 da 2010. Royal Hoopers ta Fatakwal ta karɓe shi shekara biyu, Pillars ta dawo da shi a 2013 da 2014, Mark Mentors ta Abuja ta ci na 2015, sannan Kano ta sake ɗauka a 2016 da 2017. Kofi bakwai ke nan cikin shekara goma. Sirrin bai wuce zama tare ba. Koci Sani Ahmed ya daɗe da ƙungiyar, haka ma Abubakar Usman, mai raba ƙwallo wanda ya riƙe kyaftin, kuma dukansu sun yi wa tawagar ƙasa ta D'Tigers aiki. A wasan da mutum ke miƙa ƙwallo ba tare da ya dubi abokinsa ba, sabo ya fi tsawo amfani.

A Afirka aikin ya fi wuya, domin kulob-kulob na Angola da Masar da Tunisiya sun fi kuɗi da kayan aiki, suna kuma ɗauko 'yan wasa daga waje. Duk da haka, a gasar zakarun kulob na Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016, Pillars ta zo ta uku, bayan Al Ahly mai masaukin baƙi da Recreativo do Libolo ta Angola. Wannan tagullar ita ce ƙololuwar zamanin.

Abin da ya biyo baya abin takaici ne, kuma ba a fili aka yi shi ba. A watan Yuni na 2017 hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya ta dare gida biyu: an zaɓi Tijani Umar shugaba a Kano, washegari aka zaɓi Musa Kida a Abuja. Rikicin ya kai kotu, gasar cikin gida ta riƙa tafiya tana tsayawa, 'yan wasa da dama suka watse neman abinci. A daidai lokacin ne NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, suka kafa gasar BAL ta Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, mai kuɗi da talabijin irin wanda kulob-kulob na nahiyar suka daɗe suna jira. Rivers Hoopers, wato Royal Hoopers ta da, ita ta wakilci Najeriya a karon farko, Kwara Falcons kuma ta je a 2023. Daga Nijar, Nigelec ta Yamai ta shiga wasannin share fage. Kofin ƙarshe na shekarun nan goma na Pillars shi ne na 2017, wanda ta ɗaga a Kano bayan ta doke Gombe Bulls a wasan ƙarshe.