Jami'in lafiyar da ke aiki a cikin aji

A makarantun Amurka akwai wani jami'in lafiya da ba ya rubuta magani, ba ya yin allura. Aikinsa horar da yaro kan hidimomin yau da kullum: riƙe fensir, yanka takarda da almakashi, ɓalla maɓallin riga, cin abinci da cokali, har da zama a kujera sai an tashi darasi. Tun daga dokar ilimin yara masu naƙasa ta 1975, wajibi ne makarantun gwamnati su samar da shi kyauta ga yaron da karatunsa ke buƙatar hakan.

Jami'in kan shiga aji ya zauna ya lura. Yaron da ake wa kallon malalaci, wataƙila yatsunsa ne ba su da ƙarfi, ko hayaniyar aji ce ke gigita shi, kamar yadda ake gani ga masu lalurar galahanga. Sai jami'in ya kaurara masa fensir da roba, ya daidaita tebur da tsawonsa, ya matsar da shi nesa da taga, sannan ya nuna wa malami da iyaye abin da za su ɗora a kai.

A Najeriya ma ana horar da irin waɗannan jami'ai, sai dai galibi a asibiti suke. Malam, kafin ka ɗaga bulala kan mummunan rubutu, duba yadda yaron ke riƙe alƙalami.