Farashin Buhun da Ba a Girbe Ba

A kudancin Kano, daga Bebeji inda madatsar ruwa ta Tiga take, zuwa Kiru da Tudun Wada da Doguwa inda masara da shinkafa suka zama ƙashin bayan noma, akwai cinikin da ake ƙullawa tun shuka ba ta kai gwiwa ba: ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗin taki a watan Yuni, bisa sharaɗin zai karɓi buhu kaza idan kaka ta yi. Malaman fiƙihu suna kiransa salam, wato a biya yanzu a karɓi kaya daga baya, kuma Malikiyya ta halatta shi matuƙar an fayyace awo da irin hatsin da lokacin bayarwa.

Farashin da ake yankewa a Yuni yakan gaza abin da ake sa ran gani da kaka, kuma ba son zuciya kaɗai ke jawo ragin ba. Ɗan kasuwa yana lissafin yiwuwar abokin ciniki ya kasa cika alkawari, ko don tsutsa ta cinye masara, ko don ruwa ya ɗauke ana tsaka da fitar goyo. Mafi ɗaure kai shi ne shekarar da hatsi ya yi tsada a kasuwar Dawanau, domin a shekarar ce alkawarin ya fi daraja ga ɗan kasuwa, kuma a shekarar ce manomi ya fi samun dalilin ɗora buhunansa a mota ya nufi kasuwar Kwanar Dangora. Sai kuma tsadar jarin kansa, wanda zai kwanta wata huɗu ko biyar ba ya juyawa, alhali a Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari.

Waɗannan abubuwa biyu, haɗarin saɓa alkawari da tsadar jari, su ne manyan bankunan Landan suka daɗe suna rainawa wajen sa farashin kwangilolin da darajarsu ke bin farashin wani abu daban, har bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumban 2008. Kwamitin Basel mai sa ido kan bankuna ya ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na asarar wannan fanni a wancan lokaci ya fito ne daga raguwar amincin abokan ciniki tun ba su kai ga gaza biya ba. Yanzu bankunan suna karɓar jingina kullum, yayin da a Doguwa dillali ko mai unguwa ke tsaya wa manomi.