Albam ɗin Farko na Robyn da Kasuwar Amurka

A shekarar 1995 wata yarinya 'yar shekara 16 daga birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ta fitar da albam ɗinta na farko mai suna Robyn Is Here. Sunanta na yanka Robin Carlsson, an haife ta a 1979, kuma ta tashi a gidan 'yan wasan kwaikwayo na daɓe. Da Turanci ta rera waƙoƙin, kamar yadda mawaƙan ƙasar da yawa ke yi tun zamanin ƙungiyar ABBA, don mutanen Suwidin a lokacin ba su kai miliyan 9 ba. Wanda ke son cin kasuwa dole ya leƙa waje.

A gida albam ɗin ya samu karɓuwa, amma babban cinikin sai a 1997 ya zo, lokacin da kamfanin RCA ya sake fitar da shi a Amurka. Waƙoƙi biyu ne suka ja ragamar: Do You Know (What It Takes) da Show Me Love. Kowacce ta shiga sahun goman farko a jadawalin Billboard Hot 100, wanda shi ne ma'aunin waƙoƙin da suka fi tashe a ƙasar. Daga bisani albam ɗin ya samu shaidar filatinam, wato a ƙa'idar Amurka ta lokacin an fitar da kwafi miliyan ɗaya zuwa kasuwa. A tuna fa babu sauraro ta intanet a wancan zamani. Sai mutum ya taka zuwa shago ya zaro kuɗi ya sayi faifan CD ko kaset.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne hannun da ke bayan waɗannan waƙoƙi biyu. A ɗakin naɗar sauti na Cheiron da ke Stockholm aka haɗa su, ƙarƙashin Denniz Pop, wanda ya riga ya yi suna da ƙungiyar Ace of Base, tare da yaronsa Max Martin. Salonsu shi ne kiɗa irin na baƙaƙen fatar Amurka, a ɗora masa amshi mai saurin kama kunne. Robyn tana cikin waɗanda suka rubuta waƙoƙin nata, sai dai abin da 'yan kasuwar waƙa suka hango daban ne: budurwa mai ƙarancin shekaru da kiɗan Cheiron haja ce mai tafiya. A 1998 kamfanin Jive ya fito da Britney Spears da waƙar da Max Martin ya rubuta, ta kuma yi cinikin da ya ninka na Robyn nesa ba kusa ba. A ganina, kura ce ta sha bugu gardi ya karɓe kuɗi.

Ita kuwa Robyn, yawon tallar albam ɗin ya gajiyar da ita, ta koma gida. Albam ɗinta na biyu, My Truth, ya fito a 1999, ya yi kasuwa a Suwidin, amma ba a fitar da shi a Amurka ba. Daga cikin dalilan har da waƙar da ta taɓo batun zubar da cikin da ta yi, abin da kamfanin RCA ya ga bai dace da siffar yarinyar da yake tallatawa ba, ita kuma ta ƙi sauyawa.

Bayan wasu shekaru ana kai ruwa rana da kamfanoni, ta kafa nata mai suna Konichiwa Records, ta fitar da albam a ƙarƙashinsa a 2005. A 2007 waƙarta With Every Heartbeat ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, matsayin da ko ɗaya daga cikin waƙoƙin albam ɗin farko bai taɓa kaiwa ba a can.