Hawan Duwatsun Shere: Sanyin Jos Ba Ya Kashe Ƙishirwa

'Yan shekarun nan wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa matasan Jos. Ranar Asabar da sassafe sai ka gan su rukuni-rukuni, kowa da 'yar jakarsa a baya, sun nufi gabas wajen duwatsun Shere. Kafin azahar hotunansu sun cika Facebook da TikTok, wannan ya tsaya a kan ƙoƙuwar dutse, wancan ya buɗe hannuwa ga garin Jos shimfiɗe a ƙasansa. Daga nan sai gardama ta ɓarke a gidaje da majalisu. Iyaye na cewa wurin na iskoki ne da macizai, kuma zamanin nan ba na shiga daji ba ne. Matasa na cewa motsa jiki ne kawai, kuma ai Jos garin sanyi ne, ko gumi mutum ba ya yi.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai maganar nan ta ƙarshe, wadda ake faɗa da sakin jiki, ita ce ta fi damuna, domin ita ce ke sa mutum ya tunkari tsauni da 'yar ledar ruwa guda ɗaya a aljihu.

Duwatsun Shere suna da nisan kusan kilomita 10 gabas da tsakiyar Jos. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, kuma nan ne wuri mafi tsayi a tsaunin Filato. Shi kansa garin Jos yana zaune a kan kimanin mita 1,200, wato mai hawa daga gari zuwa can sama zai ɗaga jikinsa wajen mita 600. Ga wanda ya taso a Kano, wadda ba ta kai mita 500 ba, wannan wata duniya ce daban. Ba kuma yau aka fara hawan wurin ba. Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, sun daɗe suna zaune a gindin waɗannan duwatsu suna noma da farauta. Cibiyar horas da 'yan ƙasa kan shugabanci, wadda aka fi sani da Man O' War, tana da makarantarta ta tsauni a nan Shere, inda aka shekara da shekaru ana koya wa ɗalibai da ma'aikata da jami'an tsaro juriya ta hanyar hawa da sauka. Abin da ya canja shi ne yanzu jama'ar gari ne ke zuwa da kansu, yawancinsu ba tare da wanda ya taɓa koya musu komai ba.

Yadda sanyi ke yaudarar jiki

Iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda aka yi sama, kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000. Shi ya sa Jos ta fi Kano da Bauchi sanyi, kuma saman Shere ya fi cikin Jos sanyi da kusan digiri 4, ban da iskar da ke kaɗawa ba shamaki. Mai hawa yana jin daɗin jikinsa, rigarsa a bushe, sai ya ɗauka bai yi gumi ba.

Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya san sirrin abin. Randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsafo da shi ta jikinta, iska na kwashewa. Lokacin hunturu ne ruwanta ya fi sanyi, lokacin ne kuma ya fi saurin raguwa ko da ba wanda ya ɗiba. Ka taɓa bayanta ka ji kamar a bushe, alhali ruwa na fita ba dare ba rana. Haka jikin mai hawan dutse yake a watan Disamba ko Janairu. Gumin yana fita, busasshiyar iska na lashe shi nan take kafin ya jiƙa riga. Wannan sanyin mai daɗi da yake ji a fatarsa, ruwan jikinsa ne ke tafiya. Ƙari a kan haka, duk numfashin da ya fitar yana ɗauke da danshi, ga shi kuwa yana haki. Sannan sanyi yana rage jin ƙishirwa, don haka ƙararrawar da ya kamata ta gargaɗe shi ba ta kaɗawa da wuri. Randa dai idan ta yi ƙasa uwar gida za ta leƙa ta gani. Jikin mutum ba shi da murfin da za a ɗaga.

Mai tafiya a kan gangara zai iya zubar da rabin lita zuwa lita guda na ruwa a cikin sa'a ɗaya. Idan tafiyar ta sa'a 4 ce, lissafin a fili yake: lita 2 ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata kowane mutum ya ɗauka, a kuma riƙa kurɓa a kai a kai tun kafin maƙogwaro ya bushe. Rana ma ba ta da sauƙi a can, domin haskenta mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Hula da riga mai dogon hannu ba ado ba ne a wurin.

To, me ke faruwa idan ruwan jiki ya yi ƙasa? Ciwon kai ya fara, sai jiri, sai ƙafa ta riƙa ɗaurewa, fitsari ya yi ja ya ragu. Idan abin ya yi nisa mutum ya soma magana ba kan gado, ya daina gane hanya, wani ma ya yanke jiki ya faɗi. A nan ne 'yan rakiya ke kallon juna su ce an taɓa shi. Ba ni da ja da kowa a kan abin da ya shafi gaibu, kuma addu'a ba ta taɓa zama ɓata lokaci ba. Amma don Allah, ana tofa masa addu'a a kuma ja shi inuwa, a sassauta masa tufafi, idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan gishiri da sukari da iyayenmu mata suka sani shi ne maganin: lita guda ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa da shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana nan Lamingo, a wannan ɓangaren na gari.

Akwai masu cewa ai iskar shaƙa ce ke ƙarewa a sama. Gaskiya ne iskar can ta fi ta bakin teku sirantaka da kusan kashi 20 cikin 100, don haka baƙo daga Legas zai ji yana haki fiye da ɗan gari. Amma ciwon tsauni na haƙiƙa yakan fara ne daga wajen mita 2,500, tsayin da ko Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya da mita 2,419, bai kai ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya ga likita kafin ya yi niyya. Sauran jama'a kuwa sannu ba ta hana zuwa.

Damina da nata hukuncin

Daga Afrilu zuwa Oktoba labarin ya juya. Jos na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, Yuli da Agusta su ne kan gaba, wani lokaci har da ƙanƙara. Duwatsun nan ba sa shan ruwa. Abin da ya sauka a kansu gangarowa yake yi gaba ɗaya ya taru a kwazazzabai, waɗanda su ne kuma hanyoyin da masu hawa suka fi so saboda inuwa. Ƙoramar da aka tsallake da safe ba tare da jiƙa takalmi ba tana iya kaiwa ƙugu da la'asar, ko da a inda kake ko ɗigo bai sauka ba. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta da watan Yulin 2012 ba, lokacin da ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta ci rayuka fiye da 30 a cikin gari. Ruwan da ya yi wannan ɓarna daga irin waɗannan tuddai ya gangaro.

Dutsen da ya jiƙa, musamman inda gansakuka ta kama, santsinsa ba ya ba da sanarwa, kuma saukowa ta fi hawa haɗari domin gwiwa ta riga ta gaji. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba na wurin ba ne. Sai kuma tsawa, wadda ke neman abu mafi tsawo a fili, ga shi mai ɗaukar hoto a ƙoƙuwar dutse ya mai da kansa hakan. Ƙara tana tafiyar kilomita guda a cikin daƙiƙa 3. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga, ka ji rugugi kafin ka kai 30, hadarin yana cikin kilomita 10 daga inda kake, lokacin sauka ya yi. Kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Hadari ya fi haɗuwa daga azahar zuwa yamma, don haka wanda ya fita bayan asuba ya juyo kafin rana ta take ya kauce wa rabin matsalar.

Macizai fa? Suna nan, amma maciji gudun mutum yake yi idan ya ji motsi. Kada a zura hannu a kogon da ido bai gani ba, kada a bar hanya a kutsa cikin ciyawa. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaure wurin da igiya, ba a tsaga shi da reza, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Wani haɗarin da ba a cika ambata ba shi ne tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa, gadon haƙar da Turawa suka faro tun farkon ƙarni na 20. Suna da kyan gani ga wanda ya gaji yana son wanka, amma bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba ya misaltuwa daga sama.

Batun tsaro kuwa iyaye ba su yi ƙarya ba, kuma babu wanda zai raina shi a Filato. Maganinsa shi ne abin da kakanninmu suka sani: matambayi ba ya ɓata. A fara da gaida mai unguwa, a nemi ɗan jagora daga mutanen wurin a biya shi haƙƙinsa, a tafi da yawa, a bar wa na gida labarin inda aka nufa da lokacin dawowa. Ɗan gari ne ya san hanyar da ke da lafiya a wannan makon, shi ne kuma zai nuna wuraren da al'ummarsa ke girmamawa, waɗanda baƙo ba shi da hurumin shiga.

Kurmin ma yana da haƙƙi

Wanda ya kalli Shere daga nesa zai ce tsuran duwatsu ne. Sai ya shiga zai tarar da kurmi a cikin kwaruruka, inda 'yar ƙasar da ta taru a tsawon ɗaruruwan shekaru ke riƙe da bishiyoyi, bishiyoyin kuma na riƙe da ruwa su sake shi a hankali. Daga tsaunin Filato ne kogin Kaduna da na Gongola suke tasowa, haka ma ruwan da ke bi ta Dilimi ya nufi Jama'are har tafkin Chadi. Duk sabuwar hanyar da aka yanka don a rage nisa, damina ɗaya ta isa ta mai da ita zaizayar ƙasa. Guntun taba sigari ko garwashin gashin nama a watan Fabrairu ya isa ya cinye gefen tsauni.

Misalin abin da kulawa ke haifarwa yana nan kusa. Dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙirga nau'in tsuntsaye wajen 300 a cikinsa. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, take tun farkon shekarun 2000, kuma da haɗin kan mutanen Laminga ake tsaron dajin. Akwai wani ɗan jan tsuntsu mazaunin duwatsu wanda masana ba su san da shi ba sai a 1998. Sun gano shi ne ta bin kukan wani tsuntsun da ke saka ƙwai a sheƙarsa yana kuma kwaikwayon muryarsa. Irin wannan dukiya ce muke ratsawa idan muka shiga kwazazzaban yankin, amma sau da yawa abin da muke bar mata shi ne ledoji da gorunan roba da sunayenmu da fenti a jikin dutse. Ga masu saran itace da masu fasa dutse suna ci daga gefe.

Jihar Filato tana kiran kanta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Kirari ne mai kyau, kuma Allah ya ba ta abin da za ta yi shi. Abin da ya rage ba mai tsada ba ne: alluna a bakin hanyoyi masu nuna nisa da tsawon lokacin tafiya, da Hausa da Turanci da harshen mutanen wurin, rajistar masu shiga da fita, horas da matasan ƙauyukan gindin dutse aikin jagora da taimakon gaggawa, su samu abin kai wa bakin salati, da lambar waya guda da za a kira idan wani ya karye a sama. Hukumar yawon buɗe ido ta jiha da ƙananan hukumomin yankin suna da ƙwararrun malaman hawa a makarantar Man O' War, a gindin dutsen, waɗanda suka san kowace hanya. A nemi shawararsu yanzu, tun ba a kai ga kafa kwamitin bincike ba.

Kafin hukuma ta motsa, nauyin yana kan shugabannin rukunonin da ke tara matasa. Wanda ya kira mutum 30 zuwa tsauni ya ɗauki amanar rai 30. Ya duba takalmin kowa da ruwan kowa tun a bakin mota, ya sa mai ƙarfi a gaba da wani a baya, ya ƙirga mutanensa a sama ya sake ƙirgawa a ƙasa, ya tabbatar duk ledar da ta hau ta sauko. Wanda ya zo da ruwan da bai kai lita 2 ba, a ce masa ya je ya ƙaro ko ya jira wani makon. Iyaye kuma, maimakon hani kawai, su tambayi ɗansu wa zai jagorance su, ƙarfe nawa za su juyo, ruwa nawa ya ɗauka. Idan ya amsa ukun nan da kyau, a sa masa albarka ya tafi.