Fadan da Ya Fara Aiki Daga Maƙabarta

A ranar 10 ga Mayu, 1873, wani jirgin ruwa ya tsaya a gaɓar tsibirin Molokai na ƙasar Hawai, ya sauke majinyata da shanu da wani fada ɗan Beljiyam mai shekara 33. Sunansa na yanka Jozef De Veuster, amma da Fada Damiyan duniya ta san shi. Ba a tanadar masa ɗaki ba, don haka a gindin wata bishiya ya riƙa kwana a makonnin farko, dab da ƙaramar cocin Santa Filomena, dab kuma da inda ake binne mutane.

Kalawao ake kiran wurin. Yana kan Kalaupapa, wani ɗan harshen ƙasa da ya kutsa cikin teku, ruwa ya kewaye shi ta ɓangare uku, ta na huɗun kuma dutse ne miƙaƙƙe mai tsayin mita 500 da ɗoriya. Saboda haka gwamnati ta zaɓe shi. A 1865 Sarki Kamehameha na Biyar ya sa hannu a dokar killace masu cutar kuturta. Tsoro ne ya haifi dokar, kuma tsoron yana da dalili: tun zuwan Turawa, ƙyanda da agana da sauran cututtukan baƙi sun yi wa 'yan ƙasar ɓarna mai yawa, har ƙidayar 1872 ba ta sami mutum 60,000 a duk tsibiran ba. A ranar 6 ga Janairu, 1866 aka sauke rukunin farko, mutum 12. Lissafin hukuma shi ne za su yi noma su ci da kansu. Ba a yi la'akari da cewa cutar yatsu da ƙafafu take fara ci ba.

'Yan Hawai ba sa gudun majinyacinsu. Kwano ɗaya suke ci da shi, tabarma ɗaya suke kwana. Don haka dokar ta fi cutar kanta yi musu zafi. Idan jirgi zai tashi daga Honolulu, dangi kan taru a bakin tashar suna kukan mutuwa, domin kowa ya san wanda ya shiga jirgin nan ba zai dawo ba. Uwa ta yi makokin ɗanta yana tsaye yana kallon ta. Wasu dai sun ƙi rabuwa, suka bi nasu da ƙafarsu alhali lafiyarsu lau. Su ake kira kokua, wato mataimaka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Jonathan Napela, tsohon alƙali kuma jigo a cocin Momon, wanda ya bi matarsa Kitty a 1873. Da hukumar lafiya ta so korar masu lafiya daga wurin, ya rubuta yana roƙon a bar shi da matarsa, yana tuna musu alkawarin da ya ɗauka ranar aure. Aka bar shi. Ya kamu da cutar, ya rasu a 1879, ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Addininsu ba ɗaya ba ne da na Damiyan, amma aminai ne.

Abin da Damiyan ya tarar, shi da kansa ya bayyana shi a rahoton da ya rubuta wa hukumar lafiya a 1886. Bukkokin ciyawa ne marasa ƙarfi, mutane kwance jingim a tabarmi masu danshi, maza da mata da yara a cakuɗe. Masu sauran ƙarfi sun duƙufa kan caca da wata barasa da suke dafawa daga saiwar wani tsiro. Sabon zuwa, maganar da ake fara tarbarsa da ita ita ce nan wurin babu doka. Mutuwa kuwa ta zama kamar fitar da shara. Wanda ba shi da kuɗin akwati sai a naɗe shi a bargo ko tabarma. Ƙasar wurin duk duwatsu ce, masu haƙan kuma ba su da ƙarfi, ba su da yatsu, sai a ɗan tona rami kaɗan a tura gawa a rufe. Da dare aladu da karnuka su zo su tone.

Wannan shi ne abin da majinyaci yake gani da idonsa kullum, yana sane da cewa gobe ko jibi shi ne. A ganina, duk wa'azin da za a yi wa irin wannan mutum game da darajarsa a wurin Allah ba zai shiga kunnensa ba muddin alade ne zai zama mai ziyartar kabarinsa na farko. Damiyan bai yi zurfi a karatu ba, malamansa ma sun yi shakkar ko zai iya Latin ɗin da ake bukata kafin zama fada, amma wannan ya gane shi tun satin farko.

Ɗan manoma ne daga ƙauyen Tremelo, an haife shi a 1840, ƙaƙƙarfa ne mai iya riƙe zarto da guduma. Zuwansa Hawai ma ba shi aka shirya wa ba. Wansa, Fada Pamphile, shi aka zaɓa, sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi, ƙanin ya nemi a tura shi a madadinsa. Ya sauka Honolulu a Maris na 1864, aka naɗa shi fada a watan Mayu. Akwai wata al'ada a ƙungiyar addinin da shi da wansa suke ciki: ranar da mutum zai ɗauki alkawarin zama ɗan ƙungiya, yakan kwanta a ƙasa a lulluɓe shi da baƙin mayafin da ake rufe akwatin gawa, alamar ya mutu ga duniya. Lokacin da Bishop Louis Maigret ya nemi masu sa kai zuwa Molokai, fada huɗu suka amsa da niyyar su riƙa karɓa-karɓa. Damiyan ya fara tafiya, kuma ya ce ya tuna da mayafin nan. Bayan 'yan kwanaki ya aika cewa a bar shi ya zauna. Karɓa-karɓar ba ta taɓa yiwuwa ba.

Ya kewaye maƙabartar da shinge. Ya riƙa neman katako yana ƙera akwatuna da hannunsa, ya ɗauki shebur ya haƙa kabari mai zurfi. Da wuya mako ya wuce ba a binne mutane da dama ba, saboda haka aikin ba ya yankewa: da safe ya wanke gyambo ya ɗaure, da rana ya yi wa mai gargara addu'ar ƙarshe, da yamma ya auna katako. Sau da yawa wanda ya ji furcin zunubinsa jiya shi yake ƙera wa akwati yau. Sannan ya kafa ƙungiyoyin jana'iza, majinyata da kansu suka zama membobi, suna raka kowace gawa da tutoci. Ya haɗa 'yan badujala masu ganguna da sarewa. Mutumin da danginsa suke can tsallaken teku, waɗanda watakila sai bayan watanni labari zai kai musu, ya sami masu ɗaukarsa a kafaɗa, masu tafiya a bayansa, masu tsayawa har a gama rufe ƙasa. Masu rakiyar kuma kowa ya ga yadda tasa za ta kasance.

Daga nan sauran ayyukan suka biyo. Bayan wata guguwa ta rushe bukkoki a 1874 ya jagoranci gina gidajen katako. Ya sa hannu a jawo ruwa ta bututu, ya faɗaɗa coci, ya buɗe gidajen marayu domin yaran da ake kawowa su kaɗai ba uwa ba uba. Ba shi kaɗai ne mai hidima a wurin ba, kuma bai kamata a ba da labarin kamar haka ne ba. Tun 1866 majinyata 'yan Furotesta suka kafa cocinsu mai suna Siloama, kuma kokua suna jinya da ɗebo ruwa da wanki tun kafin ya zo. Bambancinsa shi ne Bature ne mai lafiya da ya cire tazara gaba ɗaya. Yakan sa hannu a kwanon da suke ci, ya ba su lofensa su zuƙa. Lofen ma warin gyambo ne ya koya masa shi, domin a farkon zuwansa wani lokaci sai ya fita waje a tsakiyar ibada ya sha iska. A daɓen katakon cocin Santa Filomena akwai 'yan ramuka da aka huda. Cutar tana kama maƙogwaro, majina ta yi ta taruwa, mutane suna jin kunyar shiga coci don kada su ɓata wurin. Ramukan domin su tofar ne ba tare da sun fita ba. Har yau suna nan.

Kaɗaici ya fi komai damunsa. Fadan Katolika yana bukatar wani fada da zai furta wa zunubansa, shi kuwa yakan yi watanni bai ga ko ɗaya ba. A shekararsa ta farko wani babban fadan ƙungiyarsu ya biyo cikin jirgi, kyaftin ya hana shi sauka, ya kuma hana Damiyan hawa, bisa umarnin hukuma. Damiyan ya shiga kwalekwale ya matso jikin jirgin, ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci a gaban matuƙa da fasinjoji, aka yi masa addu'ar gafara daga sama.

A wasiƙun da yake aika wa wansa ya faɗi cewa gidansa da coci da maƙabarta duk a haraba ɗaya suke, shi ne mai gadin matattun da dare. Yana kiran su 'ya'yansa. Ya ce babu abin da ya fi so kamar ya shiga tsakanin kaburburan yana jan carbinsa, yana tunanin hutun da suka samu. Ban ɗauki wannan a matsayin son mutuwa ba. Mutum ne da ya san kowane kabari da sunansa, ya san irin azabar da mai shi ya sha, kuma ya gaskata da zuciya ɗaya cewa azabar ta ƙare. Da wannan imanin yake tashi da asuba ya sake ɗaukar guduma.

Yana da zafin rai da taurin kai. Ya yi ta sa-in-sa da hukumar lafiya kan abinci da magani da katako, ya yi da shugabanninsa na coci, waɗanda suke ganin yana jawo wa kansa suna a jaridu. Yakan ɗauki sanda ya je ya farfasa tukwanen masu dafa barasa. Waɗanda suka yi aiki da shi da dama sun sha wahalar zama da shi. Amma Gimbiya Liliuokalani da ta ziyarci wurin a 1881 abin da ta gani ya girgiza ta, masarauta ta ba shi lambar girma.

A ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafarsa a ruwan zafi, fata ta saluɓe, bai ji komai ba. Likita ya tabbatar da abin da ya riga ya sani. Tun farkon zuwansa yakan ce "mu kutare" idan yana wa'azi, don haka ba abin da ya canza a bakinsa. Ya ƙara sauri ne kawai, yana gini kamar mai tsere. Taimako ya zo a ƙarshe: Joseph Dutton, tsohon sojan Amurka, a 1886, sai Fada Conrardy da Uwa Marianne Cope da 'yan uwanta sistoci a 1888. Rai ya yi halinsa ranar Litinin, 15 ga Afrilu, 1889, a makon da ake shirin Ista, yana da shekara 49. Mutanen da ya koya wa raka gawa su suka raka shi, aka binne shi a gindin bishiyar da ya fara kwana, kamar yadda ya roƙa.

Bayan rasuwarsa wani fasto a Honolulu, Charles Hyde, ya rubuta wasiƙa yana kiran sa ƙazami mai taurin kai, har da zargin lalata, zargin da bincike bai taɓa tabbatarwa ba. Marubuci Robert Louis Stevenson, wanda ya ziyarci Molokai jim kaɗan bayan rasuwar, ya mayar masa da martani mai zafi a 1890, bai musanta aibun Damiyan na hali ba, ya ce da su ɗin ya yi abin da masu tsabta suka kasa.

A 1936 gwamnatin Beljiyam, da roƙon Sarki Leopold na Uku, ta nemi gawarsa. A lokacin Hawai tana ƙarƙashin Amurka, Shugaba Roosevelt ya amince. Aka tone kabarin a watan Janairu majinyata suna tsaye suna kuka, babu wanda ya nemi yardarsu. Jirgin Mercator ya kai shi Antwerp, sarki da dubban jama'a suka tarbe shi, aka binne shi a Leuven. Wannan abu ya yi min ciwo fiye da duk abin da ke cikin labarin. Mutanen da aka raba da iyayensu da 'ya'yansu da sunan doka, an dawo an raba su da wanda ya zama musu uba, wannan karon da sunan girmamawa. Sai a 1995, shekarar da Fafaroma John Paul na Biyu ya ɗaga shi zuwa matakin dab da waliyyi, aka mayar da ƙasusuwan hannunsa na dama kabarinsa na Kalawao. Fafaroma Benedict na 16 ya ayyana shi waliyyi a Oktoban 2009.

A shekarar da Damiyan ya sauka Molokai ne likita Hansen na ƙasar Nowe ya gano ƙwayar cutar, amma magani mai aiki bai isa wurin ba sai 1946, dokar killacewa kuwa sai 1969 aka soke ta. Da aka buɗe ƙofa, da yawa daga mazauna suka zaɓi zama, domin nan ne gida, nan nasu suke kwance. Kimanin mutum 8,000 aka kai wurin a tsawon shekarun, amma kaburburan da ke da alamar suna ba su wuce kusan 1,000 ba. A 2003 tsofaffin majinyata da danginsu suka kafa ƙungiyar Ka Ohana O Kalaupapa, suka shiga tattaro sunayen daga tsofaffin rajistoci da wasiƙu, suna haɗa jikoki da kakannin da aka daina ambata a gida saboda kunya. A Maris na 2009 Shugaba Obama, wanda shi ma haifaffen Honolulu ne, ya sa hannu a dokar da ta ba da izinin gina wurin tunawa da za a rubuta sunan kowane ɗayansu.