Awon albarushi: Ɗan ma'aunin da ke tsare hannun 'yan bindigar hawan Sallah

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san cewa kunne kan riga ido sanin fitowar Sarki. Amon bindiga ne ke fara tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe, sannan a hango laima. Abin da 'yan kallo ba sa lura da shi shi ne abin da ke gabatar wannan amo: ɗan awon albarushin da mai bindiga ke zubawa a cikin bututu kafin ya danna tsumma. A kan wannan awo lafiyar hannunsa da ta mutanen da ke kewaye da shi ta rataya.

A yau kalmar 'yan bindiga ta koma sunan masu ta'asa a kanun labarai, alhali a Kano tsohon suna ne na ma'aikatan fada. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an riƙa shigo da bindigogi birnin, sannan Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne Sarkin da ya fara ajiye rundunar 'yan bindiga masu tsaronsa. Magadan wannan aiki ne ke harbi a Hawan Sallah da Daushe da Nassarawa, bukukuwan da hukumar UNESCO ta sanya a jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024.

Bindigar da suke riƙewa, wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta. Ba ta amfani da harsashin masana'anta wanda aka riga aka auna ƙunshinsa aka rufe. Mai ita ne masana'antar kansa a kowane harbi: shi zai auna, shi zai zuba, shi zai danna. Albarushin kuwa, wanda asalinsa haɗin gawayi ne da farar wuta da sinadarin potasiyam naitiret, da zarar wuta ta taɓa shi yakan rikiɗe ya zama iska mai zafi cikin ƙiftawar ido. Wannan iska tana neman mafita. Idan awon ya yi daidai, ta baki za ta fita, a ji amo. Idan ya zarce abin da ƙarfen zai iya ɗauka, sai ta nemi hanya ta gefe, wato daidai inda hannun hagu yake riƙe da bindigar, kusa da fuska.

A nan ma'auni ya shigo. Ko ɗan ludayi ne, ko guntun ƙaho, ko ɗan bututun tagulla, aikinsa ɗaya: ya sa awon yau ya zama daidai da na jiya. Tafin hannu ba ya iya wannan, domin hannun wani ya fi na wani, kuma hannu ɗaya ma awonsa kan bambanta tsakanin lokacin natsuwa da lokacin da tambura ke tashi. Sojojin Turai na ƙarni na 17 sun gane haka, shi ya sa suke rataya ƙananan gorunan katako kimanin 12 a ƙirji, kowanne da awon harbi ɗaya da aka auna tun kafin a fita fage.

Sai dai ma'auni yana da iyaka, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane ta. Ludayi cika yake aunawa, ba nauyi ba. Mai sayen hatsi a Dawanau ya san kwanon gero da kwanon gyaɗa cikarsu ɗaya, amma in an ɗora su a sikeli ba za su zo daidai ba. Ya kuma san bambancin kwanon da aka shafe da wanda aka yi wa tozo, da wanda aka girgiza ya zauna. Haka albarushi yake. Mai laushi ya fi mai tsakuwa saurin kamawa, don haka ludayi ɗaya na iya zama daidai da wannan, ya yi wa wancan yawa. Ma'auni amintacce ne kawai ga irin albarushin da aka yanka shi dominsa, da bindigar da aka gwada shi a kanta. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Haɗari mafi girma shi ne garin da ke cikin harsashin zamani. Wani masani ɗan Faransa, Paul Vieille, shi ya samar da irinsa a 1884, kuma ƙarfin matsinsa ya zarce na albarushin gargajiya nesa ba kusa ba. A ƙasashe irin su Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake ɗura kwanson harsashinsa, ana sayar da jerin ƙananan ludayoyi masu lamba, amma ƙa'idar ita ce a tabbatar da awonsu a kan sikeli, domin ana lissafin garin da ma'aunin da bai kai kashi ɗaya cikin 15 na giram ba. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar gargajiya, ko da da ludayin da ya saba ne, ya ɗora wa ƙarfen abin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Akwai wasu hanyoyi uku da awo ke ɓacewa. Ta farko ita ce ɗuri kan ɗuri. Cikin hayaniya bindiga kan ƙi tashi, mai ita bai ji ba, ya sake zubawa. Bayan yaƙin Gettysburg na Amurka a 1863, an tattara bindigogi sama da 27,000 a fagen, aka tarar kimanin 24,000 a ɗure, kusan rabinsu da ɗuri biyu a ciki. Idan horarrun sojoji sun yi wannan kuskure, ba abin mamaki ba ne a tsakiyar taron Sallah. Ta biyu ita ce danshi. Albarushi yana shan raɓa, don haka a damina amonsa kan yi rauni, mai harbi ya riƙa ƙarawa, ya kuma ci gaba da wannan awo har hunturu, lokacin da garin ya bushe ƙarfinsa ya dawo. Ta uku ita ce gasar amo, inda kowa ke son a ce tasa ta fi ƙara. Ga kuma tsatsa: tokar albarushi tana jawo danshi ta ci bututu daga ciki, har bindigar da ta ɗauki wani awo shekarun baya ta kasa ɗaukarsa bana.

Ma'auni yana da wani amfani da ba a cika ambata ba. Bayan harbi, ɗan garwashi kan saura a cikin bututu. Wanda ya zuba kai tsaye daga gorar albarushi, wutar na iya bin garin ta kama gorar a hannunsa. Wanda ya fara zubawa a ludayi ya rufe gorar, abin da zai kama bai wuce awo ɗaya ba.

Ta fuskar doka, Dokar Makamai ta 1959 ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuni na musamman ƙarƙashin ikon Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba. Amma doka ba ta iya tsayawa a kan kowane ɗuri. Wannan aikin shugabannin 'yan bindiga ne a fada da shugabannin mafarauta a unguwanni: a duba bindigogi kafin hawa, a auna a gida cikin natsuwa, kada yaro ya koyi harbi kafin ya koyi awo. 'Yan kallo kuma, musamman masu zuwa da yara, su bar tazara tsakaninsu da sahun masu harbi. Al'adar da ta haura shekara 250 tana buƙatar magada masu cikakkun yatsu da za su miƙa ta ga na baya.