Bango a Matsayin Ɗan Talla: Yadda Zanen Bangon Littafi Ke Jawo Mai Saye, Daga Zariya Zuwa Kasuwar Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda zanen bango ke sa mai wucewa ya tsaya ya sayi littafi. An fara da littattafan labari cikin zane na Amurka, inda dabarar ta fi fitowa fili, sannan aka kwatanta bangon littattafan Hausa da hukumomin Zariya suka wallafa da na Adabin Kasuwar Kano. Maƙalar ta nuna cewa nauyin da ke kan bango ya danganta ne da yadda littafi ke isa hannun mai karatu, don haka bango hujja ce ta tarihin adabi wadda ta cancanci nazari da adanawa.

Fitilun kalmomi: bango, zane, talla, Adabin Kasuwar Kano, Zariya

1.0 Gabatarwa

Nazarin ƙagaggun labaran Hausa ya fi karkata ga jigo da salo da zubi da tsari da taurari. Duk waɗannan abubuwa ne da ake gani bayan an buɗe littafi. Mai saye kuwa yakan yanke hukuncinsa ne tun kafin ya buɗe, kuma abin da ke gabansa a lokacin shi ne bango: hoto, launi, take da sunan marubuci. Ƙofar Doka, wadda ta haɗa birnin Zazzau da Tudun Wada, wuri ne da ya dace a yi tunanin wannan al'amari a kansa. A nan Kwalejin Alhudahuda take, inda ɗalibi ke karɓar littafin da manhaja ta ɗora masa, ko bangon ya burge shi ko bai burge shi ba. A nan kuma hanya take, inda jama'a ke kai da kawo, kuma duk hajar da aka kasa sai ta ja ido kafin a taya. Waɗannan hanyoyi biyu na isar littafi ga mai karatu su ne suka haifar da bango iri biyu a tarihin ɗab'in Hausa.

2.0 Darasi Daga Littattafan Labari Cikin Zane

Littafin labari cikin zane mujalla ce mai araha wadda ake ba da labari a cikinta ta hanyar jeranta hotuna da gajerun maganganu. A Amurka kasuwarsa ta buɗe sosai a 1938, lokacin da fitowa ta farko ta Action Comics ta zo da Superman a bango, ya ɗaga mota sama, mutane na gudu cikin firgici. Hoton bai bayyana ko wane ne wannan mutum ba, bai kuma faɗi dalilin aikinsa ba. Wanda ke son amsa sai ya biya.

A shekarun 1950 editocin kamfanin DC, musamman Julius Schwartz, sun mayar da wannan dabara tsarin aiki. Sau da yawa akan fara zana bango mai ɗaure kai, daga baya a nemi marubuci ya ƙirƙiro labarin da zai dace da shi. Sun kuma lura cewa fitowar da ke ɗauke da goggon biri a bango takan fi ciniki, sai irin wannan hoto ya yawaita. Ke nan bango ne ke jan labari, saɓanin yadda mai nazarin adabi ya saba ɗauka.

Masu karatu a Nijeriya ba baƙin wannan salo ba ne. A ƙarshen shekarun 1960 mujallar African Film ta kamfanin Drum ta yi tashe da labaran jarumi Lance Spearman cikin hotunan kyamara, kuma a 1976 Wale Adenuga ya fara fitar da Ikebe Super a Legas. Abin da ya haɗa su duka shi ne cewa kowace fitowa sai ta sayar da kanta a kan teburin mai jarida, cikin 'yan daƙiƙu, tsakanin abokan gogayya masu yawa.

3.0 Bangon da Bai Buƙatar Talla

Kafin zuwan ɗab'i, littafi a ƙasar Hausa warƙoƙi ne da aka rubuta da hannu, a sa su cikin tadarishi, a adana a gafaka. Adon da ake yi masa zayyana ce, wadda ba ta ƙunshi surar mutum ko dabba. Almajiri ya san littafin da zai karanta daga bakin malaminsa, saboda haka babu buƙatar littafin ya yi wa kansa shela.

Ɗab'in boko a Zariya ya gaji wani abu daga wannan hali. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta samar da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi na John Tafida da East. Bayan su Magana Jari Ce ya fito a ƙarshen shekarun 1930. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda har yau wata unguwa a Zariya ke amsa sunansa. Hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950 a zamanin Yaƙi da Jahilci, aka rufe ta a 1959, sannan aka kafa kamfanin NNPC a 1966.

Manyan masu sayen waɗannan littattafai su ne makarantu da hukumomin En'e da azuzuwan manya, daga baya kuma ɗaliban da ke shirin jarrabawa. Wanda ke zaɓar littafin daban, wanda zai karanta shi daban. A irin wannan yanayi aikin bango shi ne ya kare takardu, ya sanar da take da marubuci, ya kuma nuna kamala. Ko da an sa zane, bayani yake yi a kan abin da ke ciki, ba ya neman tayar da hankalin mai kallo. Abin jan hankali a bangon wannan zamani ya fi taruwa a take, wanda sau da yawa karin magana ne ko wani ɓangare nasa, kamar Jiki Magayi da Magana Jari Ce.

4.0 Bangon da Ya Zama Ɗan Talla

Taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ta raunana manyan kamfanonin ɗab'i. A daidai lokacin kuma shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya samar da ɗimbin matasa masu iya karatun Hausar boko. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Budurwar Zuciya na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, kuma In Da So Da Ƙauna na Malam Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi fice a farkon shekarun 1990. Wannan rukuni ne Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano.

Littafin wannan zamani ba shi da manhajar da za ta tsaya masa. Ƙarami ne, mai araha, kuma akan raba labari guda zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Ta wannan fuska ya fi kusa da mujallar labari cikin zane fiye da littattafan Zariya, domin shi ma fitowa-fitowa yake zuwa, kuma kuɗin da na ɗaya ya kawo su ne jarin buga na biyu. Idan bango bai ja mai saye ba, labarin kan iya tsayawa a rabi. Ana iya karkasa ayyukan da irin wannan bango ke yi zuwa biyar.

4.1 Tsayar da Ido

A kan tebur ko tabarmar mai sayarwa, littattafai kan hau kan juna, wani lokaci rabin bango kawai ake gani. Saboda haka mai zane kan zaɓi launuka masu ƙarfi, ya rubuta take da manyan haruffa, ya kuma sa fuska babba. Idon ɗan Adam yana saurin kai wa ga fuska, balle wadda ke kallon mai kallonta.

4.2 Sanar da Nau'in Labari

Bango na gaya wa mai saye irin abin da zai tarar. Budurwa da saurayi, ko mace mai tagumi, ko mota da katafaren gida, alamu ne na labarin soyayya da zaman aure. Takobi da sulke da dodanni kuwa alamun littattafan yaƙi ne, irin waɗanda aka san Abdul'aziz Sani Madakin Gini da su. Wannan na rage wa mai saye fargabar asarar kuɗinsa.

4.3 Ɗaura Tambaya

Bango mai ciniki yakan nuna rikici ya ɓoye warwararsa. Mata biyu da namiji ɗaya, ko amarya mai hawaye, sun isa su sa mai kallo ya nemi sanin yadda za ta kaya. Take ma yakan taya hoto wannan aiki. Wa Zai Auri Jahila? tambaya ce kai tsaye. Allura Cikin Ruwa na Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa rabin karin magana ne, kuma Bahaushe da kansa zai cike sauran a zuci, cewa mai rabo ka ɗauka. Da zarar ya cike, ya riga ya fara tambayar ko wane ne mai rabon.

4.4 Aron Farin Jini

Bangon farko-farko zanen hannu ne mai launi ɗaya ko biyu. Da aikin kwamfuta da bugu mai launi suka yi sauƙi, sai hoton kyamara ya mamaye. Finafinan Indiya sun daɗe da samun gindin zama a Arewa, kamar yadda Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka nuna a nazarce-nazarcensu, kuma finafinan Hausa na bidiyo sun bunƙasa bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Fuskokin 'yan wasa da irin adonsu sai suka koma bangon littattafai. Fuskar da jama'a suka sani takan ara wa sabon marubuci farin jinin da bai tara ba tukuna.

4.5 Lamunin Inganci

Sunan marubuci da tambarin ƙungiya su ma talla ne. Ƙungiyar Raina Kama ta Kano takan sa tambarinta a littattafan 'ya'yanta, tare da jerin sunayen sauran littattafan ƙungiyar. Wanda ya ji daɗin ɗaya sai ya nemi ɗan'uwansa. Haka kuma riƙe hoto guda a littafi na ɗaya da na biyu da na uku na taimaka wa mai saye ya gane ci gaban labarin da ya fara.

5.0 Alkawari da Abin da Ya Jawo

Duk waɗannan ayyuka sun taru a kan abu guda: bango alkawari ne. Matsalar ita ce, ba kullum marubuci ne ke ɗaukar alkawarin ba. Mai zane ko ma'aikacin maɗaba'a ko ɗan kasuwar da ya sa jari na iya zaɓar hoto ba tare da ya karanta labarin ba. Daga nan ake samun bangon da ya yi alkawarin abin da babu shi a ciki, ko ya yi wa labarin tarbiyya shigar da ba tasa ba.

Wannan giɓi yana da tsada. Mahaifi ko malamin makaranta da ya tsinci littafi a jakar yarinya, abin da zai fara gani shi ne bango, kuma mai yiwuwa a nan hukuncinsa zai tsaya. Hoton da ya jawo mai saye shi ne kuma ya jawo mai suka. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007, a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyya. Duk mai son fahimtar yadda aka yi wa wannan adabi kuɗin goro, har da littattafan da ke yaƙi da auren dole da hana mata ilmi, dole ne ya duba abin da jama'a suka gani daga waje, ya gwama shi da abin da aka rubuta a ciki.

6.0 Kammalawa

Bayanin da ya gabata ya nuna cewa sifar bango na bin hanyar ciniki. Inda hukuma ke saye ta raba, bango kan natsu. Inda littafi zai nemi mai saye da kansa, bango kan ɗauki aikin dillali, ya bi dabarun da masu labari cikin zane suka daɗe da ganowa. Yau da marubuta da yawa suka koma Wattpad da zaurukan WhatsApp, bango ya ƙanƙance ya zama ɗan hoto a fuskar waya, amma aikinsa na nan, gasar ma ta ƙaru.

Akwai aiki biyu a gaban manazarta. Na farko shi ne adanawa. Takardar waɗannan littattafai ba ta da ƙwari, kuma bango ne ke fara yagewa a hannun masu aro da masu haya. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004, na littattafan 1987 zuwa 2002, ya nuna yawan abin da aka buga. Ya kamata ɗakunan karatu na jami'o'i, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, su riƙa ɗaukar hoton bangon gaba da na baya na kowane bugu, domin littafi guda kan sauya bango daga bugu zuwa bugu. Na biyu shi ne neman masu zanen kansu, waɗanda galibi ba a rubuta sunayensu ba, a ji daga bakinsu wa ke ba su aiki, me ake ce musu su zana, kuma ko suna karanta labarin kafin su ɗauki alƙalami. Wannan aiki na gaggawa ne, domin waɗanda suka yi zanen shekarun 1980 da 1990 sun manyanta.